Yadda za ka haɗa na'urar tsotse danshi da esin gidanka a Bauchi

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba gidaje da yawa a Bauchi canza wari suke, ka buɗe wadrob ka ji wannan warin rima ɗin ya buge ka, takalman fata sun yi fari fat da fumfuna, shaddar da aka kai wa mai bugu aka ninke tun sallah ta yi laushi, gishiri ya jiƙe a cikin roba, ƙofar banɗaki ta kumbura sai an sa kafaɗa. Abin haushin ma esi na aiki, ɗaki da sanyi, amma zanin gado kamar bai gama bushewa ba. To wannan ba matsalar zafi ba ce, ruwa ne ya yi yawa a cikin iska, kuma maganinsa dihumidifaya, wato na'urar tsotse danshi. Akwai ƙanana masu taya da ake ajewa a ɗaki ɗaya ana zubar da bokitinsu kullum, ba su nake nufi ba, ina magana ne kan babbar da ake haɗawa da bututun iskar gida ta busar da ko'ina lokaci guda.

Aikinta ba wani sihiri ba ne. Fanka na jawo iskar gida ta bi ta kan kwayil mai sanyi, wato naɗaɗɗen siririn bututun ƙarfe da gas ke bi ta ciki, ruwan cikin iskar ya taru ya ɗiga kamar yadda jikin gorar ruwan sanyi ke gumi in ka fito da ita daga firij, sai iskar ta wuce ta kan kwayil mai zafi ta dawo gida a bushe, da ɗan ɗumi kaɗan. Ka riƙe wannan ɗumin a ranka domin za mu dawo kansa, na'urar ba ta sanyaya ɗaki, ƙara masa zafi ma take yi kaɗan.

A Amurka inda aka fi amfani da irin wannan, gidajensu bututu ɗaya ne ke kai iskar ɗumi lokacin sanyi ya kai ta sanyi lokacin zafi, sai su maƙala na'urar a jikinsa. Mu nan ba mu da injin ɗumama gida, kuma lokacin da muke jin sanyi wato hunturu iskarmu ta riga ta bushe har leɓe na tsagewa, danshi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Saboda haka ka sani tun yanzu, kayan aikin wata 3 ko 4 ne a shekara kake shirin saya. In ka ga ya yi maka, bismillah.

Kafin ka kashe ko sisi, auna

Nemi ɗan agogon auna danshi, mai batir, ba shi da tsada, shagunan kayan wuta ko na kayan kiwon kaji kan ajiye shi saboda masu ƙyanƙyasar ƙwai. Ka sayi biyu ko uku in da hali. Da yake na kasuwa kan yi ƙarya, gwada shi tukuna: zuba gishirin miya a murfin gora, ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe amma kar ya narke, saka shi da agogon cikin roba mai murfi ka rufe ruf har kwana guda. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70 ka san kullum sai ka ƙara 5 a kan abin da ya faɗa maka, shikenan.

Sai ka aje ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a sito ko inda warin ya fi yawa, ka riƙa rubutawa safe da dare na tsawon sati a cikin Agusta. Abin da ake so a gida tsakanin 45 zuwa 55 ne. In ya zauna sama da 60 kwana da kwanaki fumfuna ta samu gida, in kana ganin 70 da 80 to ba sai an faɗa maka ba.

Amma dakata, daga ina ruwan yake zuwa? Nan ne mutane ke asarar kuɗi. In kwanon rufi na yoyo, ko bango na shan ruwa daga ƙasa saboda birkila bai sa leda a fandisho ba (gidajen da aka gina a fadama sun fi fama da wannan, za ka ga fenti na ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa da wani farin gari kamar kanwa), ko fayif ya fashe a cikin bango, to na'ura ba za ta ci wannan yaƙin ba, za ta yi ta aiki dare da rana tana shan wuta. Gwaji mai sauƙi: yanko leda fara kamar faɗin tayil ɗaya, manna ta a bangon da selotef ta kowane gefe, bar ta kwana biyu. Raɓa ta taru ta cikin ledar, daga bango ne, kira birkila da fulamba. Ta taru ta waje, iskar ɗakin ce, na'ura za ta yi maka amfani. Sabon gini kuma da bai daɗe da filasta ba, shi dama yana fitar da ruwa na watanni, haƙuri ake da shi.

Sauran ƙananan abubuwa su ma a duba, shanya a cikin ɗaki in ana ruwa, banɗakin da ba shi da fankar fitar da tururi, kicin da tukunya ke tafasa ƙofa a buɗe. Sannan esin kansa. Mutanenmu na son babba, ɗan ƙaramin ɗaki a sa masa mai doki 2, sai ya sanyaya ɗakin cikin 'yan mintuna kwamfuresa ta tsaya tun bai tsotsi ruwan kirki ba, shi ya sa kake jin sanyi mai danƙo. Gwada saka shi a wurin nan mai alamar ɗigon ruwa a rimot na wasu kwanaki ka ga agogon me zai ce. Wallahi wasu gidajen nan maganarsu ke ƙarewa, ba sai sun sayi komai ba.

Zaɓen na'ura, da tarkon wutar Amurka

In ka auna ka gyara abin gyarawa har yanzu lambar ba ta sauka ba, to sai saye. Ana auna ƙarfinta da yawan ruwan da take cirewa a awa 24. Kamfanonin Amurka irin su Aprilaire da Santa Fe da Honeywell da faint suke rubutawa, faint ɗaya bai kai rabin lita ba kaɗan, kenan mai 70 kusan lita 33 ce, mai 95 kusan lita 45, mai 130 kusan lita 61. Na Chana da Turai da lita suke rubutawa, amma ka duba a wane yanayi aka gwada, da yawansu ana gwada su ne a zafin digiri 30 da danshi 80, lambar sai ta fito da ƙiba. Idan gidanka ya sauko digiri 25 da danshi 55 ba za ta cire ko kusa da hakan ba. Don haka kar ka haɗa lita 50 ta wannan da lita 50 ta wancan sai ka ga yanayin gwajin.

Girman gidan da suke rubutawa a kwali kuma na gidan da yake a toshe ne ruf. Namu akwai rata a ƙasan ƙofa da yatsa zai shiga, tagogin silaidin ba sa haɗuwa, yara na shiga da fita, saboda haka ni dai shawarata in lissafi ya ajiye ka tsakanin girma biyu ɗauki na sama, kuma ka sa kafinta ya toshe ƙasan ƙofofin waje da roba.

Yanzu ga babban tarkon. Wutar Najeriya bolt 230 ce a kan haz 50 (haz shi ne yawan juyawar wuta a sakan ɗaya), na'urorin da aka yi don kasuwar Amurka kuwa yawanci 115 ne a kan haz 60. Wani zai ce maka ai sai a sa tiransifoma, e tiransifoma za ta sauke bolt amma ba ta canza haz, kwamfuresar da aka yi wa 60 in ka ba ta 50 gudunta zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, aiki ya ragu, tana iya ɗaukar zafi, kuma garanti ya tashi. Ko ɗan'uwanka ne zai turo maka a kwantena kyauta, ce ya ɗauki hoton farantin jikinta ya turo maka tukuna. Abin da kake nema a rubuce 220 zuwa 240, haz 50. Dillalan esi na Kano da Abuja da Alaba a Legas za su iya yi maka oda, ka tambaye su wane gas ke ciki da kuma ko ana samun filtarta, kar ta zama marainiya bayan shekara biyu.

Wuta da take ci ya danganta da girma, daga wat 500 zuwa kusan 1000. Mai 700 in ta yi awa 8 a rana yunit 5.6 kenan a mita, ka lissafa da kanka. Masu sola da inbata su tuna kwamfuresa na fizgar wuta ninki lokacin tashi, a tambayi wanda ya haɗa solar kafin a ɗora mata.

Ta ina za a haɗa ta

Nan ne asalin aikin, kuma ya danganta da irin esin da kake da shi.

In gidanka na da esi mai bututu, irin wanda ake ɓoyewa a silin iska na fitowa ta raga a kowane ɗaki, kamar na manyan gidajen GRA da otal-otal da ɗakunan taro, akwai bututu iri biyu, mai kwaso iska daga gida zuwa esi da mai raba iskar sanyi zuwa ɗakuna. Hanyar da ta fi ita ce ka buɗe wa na'urar ragar shan iska tata ita kaɗai a tsakiyar gida, korido ko saman bene, sannan busasshiyar iskar da ta fitar ka zuba ta cikin bututun rabawa, bayan kwayil ɗin esi, da tazarar da littafinta ya ce. Amfanin haka tana aiki ko esi a kashe, kuma ɗumin nan da na ce ka riƙe yana gauraya da sanyi kafin ya iso ɗaki. Dole a sa murfin nan mai buɗewa ta gefe ɗaya a bakin fitarta, in ba haka ba duk lokacin da take kashe fankar esi za ta riƙa turo iska ta baya ta cikinta. Kuma injiniya ya auna matsin iskar bututun, yawancin na'urorin ba sa iya tura iska in matsin ya wuce wajen faskal 125 (faskal ma'aunin matsi ne), in ya fi haka na'urar za ta yi ta gurnani iska ba ta fita.

Hanya ta biyu da masu haɗawa suka fi so don sauƙi, a ɗebo iska daga bututun kwasowa a mayar da ita cikinsa can gaba. Tana yi, amma sai fankar esi ta riƙa tashi duk lokacin da na'urar ta tashi, ƙarin wuta kenan, sannan busasshiyar iska mai ɗumi za ta bi ta kan jiƙaƙƙen kwayil ɗin esi ta kwaso ruwan da ya riga ya tara ta mayar maka ɗaki. Ni ban so ta sai in ba yadda za a yi. In mai aiki ya nace a kanta tambaye shi dalili, in dalilin kawai kar ya fasa fi'ofi ne, to a fasa.

Mafi yawanmu dai sifilit muke da shi a bango, babu bututu ko ɗaya. Ba damuwa, sai a yi wa na'urar nata bututun daban: raga ɗaya ta sha a korido, bututun fita ya rabu zuwa falo da ɗakunan kwana. Sai dai iskar da ka tura ɗaki tana buƙatar hanyar komawa korido, a bar rata kamar santimita 2 a ƙasan ƙofofin ciki ko a sa ƙaramar raga a sama. Kar a nufi bakin fitar kan gado ko kujera saboda ɗumin, a sa shi kusa da inda sifilit ke hurawa. Kuma kar a sha iska daga kicin ko banɗaki ko garejin janareta, duk warin da ta sha sai ta raba wa kowa.

Ranar aiki

In ta iso a mota an kwantar da ita ko an karkata ta, a tsayar da ita daidai a bar ta kwana guda kafin a kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Wurin ajiya, ni na fi son sito ko ɗan ɗakin ƙarƙashin bene a kan cikin rufi. Cikin rufin kwano a Bauchi watan Maris da Afrilu wuta ne, kuma abin da yake can sama ba wanda zai hau ya wanke masa filta, gaskiya kenan. In dole sai silin, duba iyakar zafin da littafin ya yarda, a rataye ta da rodi mai zare daga katako ko kankare mai ƙarfi, a sa roba a ƙafafunta don kar ƙugi ya riƙa bin gini da dare, a kuma yanka ƙofar dubawa wadda mutum da na'urar za su iya fita ta ciki. A ɗora ma'aunin birkila a kanta ta zauna daidai, in ta karkata ruwa zai taru gefe ɗaya ya zubo. A bar fili ta ɓangaren filta yadda za a zaro ta ba tare da kwance komai ba.

Bututun iska yawanci inci 8 ko 10 ne, a bi girman bakin na'urar, kar a rage. In mai lanƙwasa ne a ja shi ya miƙe, kar a bar shi ya yi ciki ko ya karye a kwana, kowace kwana tana cin iska. Mahaɗa a shafe ta da gam ɗin bututu ko tef na alminiyam, ba baƙin tef na wayarin ba, wannan zafi na sa shi ya saki. Duk bututun da ya bi ta cikin rufi sai mai rigar soso. Dalili, iska mai digiri 30 da danshi 80 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 26, to bututun da sanyin esi ke bi tsirara a cikin rufi a Agusta gumi zai yi ta yi har ka ga taswira a fi'ofi ka zata kwano ne ke yoyo.

Magudanar ruwa, dan Allah a tsaya nan

Rabin ɓarnar da wannan na'ura ke yi a gidaje daga fayif ɗin ruwa ne. Abu ne da zai iya zubo lita 30 ko 40 a rana, jarka biyu kenan, ba ɗigo ba ne. Fayif ɗin roba mai inci uku bisa huɗu ake sawa, ya gangara aƙalla santimita 2 a kowace mita ba tare da ya hau ko ya yi ciki a ko'ina ba, a ɗaure shi da kilif kusa kusa. In littafin ya ce a yi masa lanƙwasar tarko, wato lanƙwasar da ruwa ke kwanciya a ciki ya tare iska, a yi, kuma a cika ta da ruwa kafin kunnawa, in bai ce ba kar a ƙara don gwaninta. In ba gangara, ƙaramin famfon tura ruwa ake sawa.

In na'urar na sama da silin, a sa faranti na biyu a ƙarƙashinta wanda ya fi ta faɗi, da makunnin nan mai iyo da ke kashe ta in ruwa ya taru. Kuɗinsa bai kai na gyaran silin ɗin falo da kujeru ba.

Ƙarshen fayif kar a cusa shi kai tsaye cikin sokawe, wari zai biyo. A kai shi kwata ko gindin shuka nesa da fandisho, kar kuma ya kwanta ya zama gidan sauro. Ruwan ana iya goge tayil da shi ko ban ruwan fulawa, ba a sha, ba a girki. Sannan a ɗaure wa bakin ɗan yankin raga, domin a watannin da ba ya aiki zanzaro na shiga ya gina ɗakinsa na laka ya toshe shi tsaf, sai damina ta dawo ka kunna ruwa ya koma baya. Kafin a rufe silin, ɗauki buta ka zuba ruwa a farantin na'urar, ka sa yaro ya tsaya a waje ya ga ya fito duka.

Wuta da ma'auni

Mai wayarin ya ja mata layi nata daga allon gida da birekarta da wayar ƙasa ta gaske, ba a jona ta da ekstenshan ba. A sa mata abin kariya mai jinkiri irin na firij, domin in an ɗauke wuta aka dawo nan take kwamfuresa na son hutun minti 3 kafin ta sake tashi, haka in ana sauyawa zuwa janareta. Inda wuta ke yin ƙasa a sa sitabilaiza.

Ma'aunin da ke ba ta umarni a kafa shi a bangon ciki, tsayin ƙirji, nesa da kicin da banɗaki da taga da hucin esi. In an haɗa da esi mai bututu akwai siraran wayoyi na bolt 24 da ke sa fankar esi ta tashi tare da ita, ba kowane esi ke da wurin ba, musamman na Asiya masu allon lantarki, a bar wa mai gyaran esi wannan, kar a yi kame kame a ƙona allo. Fankar esin kuma a bar ta a oto.

Kunna, saita 55 tukuna. Sa hannu a bakin fita ka ji iska mai ɗan ɗumi, cikin awa ɗaya ya kamata ruwa ya fara ɗiga a waje. Kwanakin farko za ta yi aiki kusan ba tsayawa don katifu da labule da kafet da kayan sawa duk sun sha ruwa, buɗe wadrob da akwatuna su ma su samu, kar ka tsorata da mita a satin nan. Bayan ta daidaita in kana so ka sauko 50. Ƙasa da 45 ɓarnar wuta ce kawai. Abin da za ka lura, esin da da sai ka kai shi 18 yanzu a 24 ko 25 ma ya ishe ka, nan ne kake rage wani abu daga kuɗin wutar da ta ci. Tagogi kuma a rufe, in uwargida ta saba buɗe ko'ina da safe a sha iska a yi shi gajere, ba za ka iya busar da garin Bauchi ba.

Filta a duba ta duk wata a damina, mai wankuwa a wanke ta bushe kafin a mayar. Wajen ƙarshen Oktoba in agogonka ya fara nuna ƙasa da 45 da kansa, kashe ta daga bireka, domin wasu ko ba danshi sukan tada fanka lokaci lokaci su ɗanɗana iska, ƙurar hunturu kawai za su sha. Wanke filta, zuba ruwa mai ɗumi a fayif ya wanke majinar da ta taru, rufe ragar shan iska da leda. In Yuni ya kama cire ledar, duba bakin fayif ko zanzaro ya yi gini, sake gwajin buta, sannan ka ɗaga bireka.